Idan man birki ya zuba a jikin mota: abin da ke ceton fenti da abin da ke ƙarasa shi

Cikin duk ruwayen da ake zuba wa mota, babu wanda yake gaba da fenti kamar man birki. Baƙin mai idan ya ɗiga a kan bonet, iyakarsa ya bar maiƙo, a wanke ya fita. Ruwan lagireto ma haka. Fetur kansa yakan bushe kafin ya yi wata ɓarna ta a zo a gani. Amma man birki, wanda a ido sai ka ce man gyaɗa ne marar kauri, ba ya bushewa da wuri. Inda ya sauka nan zai zauna yana ratsa fentin a hankali, wurin ya dusashe, ya yi laushi, ya kumbura, ya yamushe, daga ƙarshe ya saɓule kamar fatar da tafasasshen ruwa ya zuba wa.

Duk wanda ya kai mota wurin mai fenti a 'yan shekarun nan ya san kuɗin fesa ƙofa ɗaya ko madigadi ɗaya ba abin wasa ba ne, domin kayan fenti dala suke bi. Bayan kuɗin aikin kuma akwai asarar da ba ta fitowa sai ranar sayarwa: dillali na ganin an taɓa fentin wani ɓangare, motar ta fita daga sahun "fes bodi", sai ya fara zaftare farashi. To, abin da ke raba tsakanin tabon da za a goge da hannu cikin rabin awa da wanda zai kai ka ga sake fenti abu biyu ne. Na farko, abin da aka yi a mintunan farko. Na biyu, sanin iya zurfin ɓarnar kafin a taɓa wurin da sanfefa ko injin folish. Mutane da yawa a na biyun nan suke ƙarasa abin da man birkin ya fara.

Dalilin da ya sa yake cin fenti

Idan ka duba murfin 'yar tukunyar man birki da ke cikin bonet, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Wannan suna ya samo asali ne daga ma'aikatar sufuri ta Amurka, wadda ta kafa ƙa'idar da ake auna man da ita. Abin da ƙa'idar ta fi mayar da hankali a kai shi ne zafin da man zai jure kafin ya tafasa: sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma digiri 230, sai DOT 5.1 da ke kaiwa 260. Duka ukun nan da sinadaran dangin gilaikol ake haɗa su. An zaɓe su ne saboda suna jure zafi, ba sa matsuwa idan an danna su, kuma ba sa cin robobin da ke cikin birki.

Matsalar ita ce, wannan dangin sinadarai su ne kuma masana'antun fenti ke amfani da su wajen narkar da fenti da tsinka shi. Wato abin da ke cikin robar man birkin nan ɗan'uwan tina ne, sai dai shi tina yana ƙafewa nan da nan, shi kuwa man birki an gina shi ne musamman don kada ya ƙafe. Sai ya samu isasshen lokacin da zai kutsa cikin fentin, ya sassauta ɗaurin da ke riƙe da shi, ya kumbura shi daga ciki.

Akwai guda ɗaya da ya fita daban, wato DOT 5, wanda da silikon ake yin sa, kuma galibi launin shunayya gare shi. Shi ba ya cin fenti. Kada wannan ya ruɗe ka ka ce bari in koma shi: ba a haɗa shi da sauran, kuma motocin da ke da birkin ABS galibi ba a yi su dominsa ba. Sunan ma yana rikita mutane, don DOT 5.1 ba ƙanin DOT 5 ba ne, gilaikol ne, kuma yana cin fenti kamar sauran.

Wata sifa ta gilaikol da ya kamata ka riƙe, domin a kanta maganin ya dogara: yana gauraya da ruwa gaba ɗaya, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Baƙin mai yana gudun ruwa, man birki kuwa binsa yake yi.

Fentin nan bai kai kaurin da kake zato ba

Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai wani siririn shafi mai hana tsatsa da ake tsoma gangar motar a cikinsa tare da wutar lantarki. A kansa akwai firaima. Sai launin da ido ke gani. Sai kuma na sama, wanda ba shi da launi, shi ke ba da ƙyalli, masu fenti na ce masa kiliya. Duka huɗun idan aka haɗa, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150 a yawancin motoci, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Takardar da ake sa wa firinta kaurinta wajen maikiron 100 ne. Ke nan duk fentin motarka bai wuce kaurin takarda ɗaya da 'yan kai ba, kuma kiliyar da ke kare shi, wadda takan kai maikiron 35 zuwa 50, ba ta cika rabin takardar ba.

Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma wannan tsari na launi da kiliya a kai. Kiliyar kamfani an gasa ta da zafi sosai, don haka tana da ɗan juriya, ɗigon da aka wanke da wuri sau da yawa ba ya barin komai. Wanda ba ya jurewa shi ne fentin da aka sake a gareji da araha, musamman irin wanda ake fesawa hawa ɗaya ba kiliya, kamar yadda ake yi wa tasi da bas-bas na haya da adaidaita sahu. Haka ma fentin gwangwani na feshi, da duk wani sabon fenti da bai yi wata guda ba. Irin waɗannan, kana tsaye kana kallo wurin zai fara laushi.

Ga kuma rana. Bonet ɗin baƙar mota da ta wuni a rana a watan Afrilu ba ya taɓuwa da hannu, kuma zafi yana sa fenti ya saki, man ya ratsa da sauri. Ɗigo ɗaya a kan mota mai sanyi da asuba da ɗigo ɗaya a kan wadda ke tsakar rana da azahar ba ɓarna ɗaya suke yi ba.

Mintunan farko: ruwa, ba tsumma ba

Abin da hannu ke fara yi idan abu ya zube shi ne ya jawo tsumma ya share. A nan, wannan shi ne kuskure mafi tsada. Shara tana baza man zuwa inda bai kai ba, ɗigo mai faɗin kwabo ya koma tabo mai faɗin tafin hannu. Kuma tsumman da ke rataye a kafaɗar yaron gareji cike yake da ƙasa da ɓurɓushin ƙarfe, ga ƙurar da ke kan motar, lokacin hunturu ma ba a magana. Idan aka murza wannan a kan fentin da ya fara laushi, sanfefa aka sa masa.

Idan man ya taru da yawa, ɗora tishu ko tsumma mai tsabta a kai, ka danna a hankali ya tsotse, ka ɗaga sama, kada ka ja shi gefe. Daga nan sai ruwa, mai yawa. Ba yayyafi ba, kwarara. Buta, bokiti, ko ledojin fiya wata guda biyar ko goma idan su ne a kusa, ka zuba daga sama ya gangara da man zuwa ƙasa, ka bi duk hanyar da ya bi har gindin ƙofa. Bayan haka ka wanke wurin da sabulun wankin mota ko na wanke kwanuka na ruwa, da soso mai laushi, ka ɗauraye, ka sake. Kada a sa garin sabulu a dirza, kada a sa fetur, kada a sa kananzir, tina kuwa ko kusa. Wasu na ganin tunda sunansa "mai", sai fetur ne zai fitar da shi. Fetur ba ya ɗauke gilaikol kamar yadda ruwa ke yi, sai ma ya ƙara wa fentin wahala.

Wurin da aka fi mantawa shi ne lungu: ƙarƙashin robar gilashi, bayan tambarin mota, tsakanin madigadi da bamba, ramin marikin ƙofa. Man da ya ɓuya a nan zai ci gaba da aikinsa kwana da kwanaki, sai wata rana ka ga fenti ya tashi a gefen roba ka rasa dalili. Ka matsa ruwa sosai a waɗannan wurare. Fitilun gaba ma a wanke su, domin robar da ake yin su da ita tana tsattsagewa idan man birki ya daɗe a kanta. Wannan ne ya sa dabarar nan da ke yawo a bidiyoyin intanet, ta goge fitila da man birki don ta yi haske, take ba ni takaici: hasken na kwana biyu ne, tsagar kuwa ta zauna ke nan.

Idan a cikin bonet abin ya faru, kafin ka zuba ruwa ka tabbatar an rufe murfin tukunyar man birkin ram. Ruwa kaɗan idan ya shiga ciki yana sauko da zafin da man ke tafasa, kuma wannan matsala ce da ta fi ta fenti girma nesa ba kusa ba. Ka kauce wa akwatin fis, da altaneta, da ƙwaƙwalwar mota idan a nan take. Kada kuma a sheƙa ruwan sanyi a kan injin da ya ɗau zafi, a bi wurin da man ya zuba kawai.

A kula da hannu ma. Man birki guba ne idan ya shiga ciki, yana lalata ƙoda. Ɗaya daga cikin sinadaran da ake samu a cikinsa shi ne wanda ya gurɓata wani maganin fitar haƙori ya hallaka yara da dama a Najeriya a 2008. Don haka al'adar shafa shi a ciwo ko makero, da zuba ragowarsa a robar lemo a ajiye a gida, duk abin bari ne.

Kafin a taɓa wurin, a auna

An wanke, an tsane, ga tabo ya rage. Abin da ya fi a nan shi ne a ajiye motar a inuwa a ƙyale ta kwana ɗaya ko biyu. Fentin da ya sha man birki yana da laushi, wani lokaci ya ɗan kumbura, kuma idan aka ba shi lokaci yakan sake ƙanƙamewa, kumburin ya ragu. Wanda ya sa injin folish a kan fenti mai laushi, ɗebe shi zai yi kamar man shanu.

Bayan ya huta, wayarka ta isa ta yi maka binciken farko. Da daddare ko a cikin duhu, kunna fitilar waya ka kwantar da ita a gefe yadda hasken zai bi saman fentin a karkace. Tudu da kwari da ba ka gani da rana duk za su fito. Idan kyamarar wayar na ɗaukar abu na kusa sosai, ɗauki hoton gefen tabon ka buɗa shi. Sannan ka jiƙa wurin da ruwa: idan tabon ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, ɓarnar a saman kiliya take, kuma labari ne mai daɗi. Ka bi da farce a hankali: idan ya wuce sumul, da sauƙi, idan yana maƙalewa, man ya ci ya yi rami. Gwaji na ƙarshe, ɗan ɗiga folish a farin tsumma ka shafa a gefen tabon. Idan launin motar ya fito a tsumman, ko dai fentin ba shi da kiliya tun asali, ko kuma kiliyar ta riga ta tafi a wurin.

Sai kuma na'urar da ta sa wannan batu ya dace da shafin nan: ma'aunin kaurin fenti. 'Yar ƙaramar aba ce kamar rimot, ana dafa bakinta a jikin mota ta nuna lamba a maikiron. A kan ƙarfe, da maganaɗisu take aiki, tana auna tazarar da ke tsakanin bakinta da ƙarfen da ke ƙasa. A kan alminiyom, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, sai ta tura wani ɗan motsin lantarki cikin ƙarfen ta auna yadda ya amsa. Idan za ka saya, nemi wadda aka rubuta wa Fe da NFe, ita ce ke yin duka biyun, domin motoci da dama yanzu bonet ɗinsu alminiyom ne. Masu sayen motocin Kwatano da na Beljiyam da suka waye sun daɗe suna yawo da ita a aljihu don gano inda aka yi fila. Lamba wajen 100 zuwa 150 alamar fentin kamfani ce, 250 ko 300 alamar an sake fesawa, idan kuwa ta haura 600 ko ta doshi 1,000, akwai fila a ƙasa.

Sai dai a san iyakarta. Masu arahar jimillar kauri kawai suke faɗa, ba sa ware maka kiliya daga launi da firaima. Ba sa aiki a kan bamba, domin roba ce. Kuma a kan tabon da ya kumbura za su iya nuna lamba mai yawa alhali fentin ruɓaɓɓe ne. Dabarar da masu goge mota ke yi ita ce su auna cikin bakin ƙofa, inda kamfani ba ya fesa kiliya da yawa, su auna waje, bambancin ya ba su kimanin abin da suke da shi na kiliya. Ka auna wurare biyar ko shida a kewayen tabon, ka rubuta. Idan lambobin sun yi ƙasa da 90, sanfefa ba naka ba ne.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan? Kiliya ita ke ɗauke da sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙona fenti. Idan ta yi siriri da yawa, a ranar za ka ga ƙyalli kamar madubi, bayan wata shida ko shekara wurin ya yi fari ya fara ɓarewa, irin wanda muke gani a rufin tsofaffin Corolla da Accord a kan titi. Ƙa'idar da masu aikin da yawa ke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar a tsawon rayuwar mota. A rana irin tamu, ni zan ce ko hakan ma a ji tsoronsa.

Wanda za ka iya yi da kanka

Idan dusashewa ce kawai, farce ba ya kamawa, folish mai laushi da tsumman maikurofaiba sun isa. Ka shafa kaɗan-kaɗan a wuri mai faɗin tafin hannu, ka goge, ka duba da fitila. Idan bai fita ba ka hau zuwa kwamfan, wanda ya fi folish kaifi, sannan ka dawo ka bi da folish don ya share zanen da kwamfan ya bari. Daga mai laushi ake farawa a hau, domin abin da aka cire ba ya dawowa. A ƙarshe a shafa wakis.

Idan farce na ɗan kamawa amma launin bai taɓu ba, sai an daidaita wurin da sanfefar ruwa, mai lamba 2000 ko 2500, a bi da 3000. A jiƙa ta a ruwa tukuna, a naɗa ta a wani abu mai laushi kuma shafaffe, kada a yi da yatsa, don yatsa rami yake yi. 'Yan ja kaɗan, a tsane, a duba, a auna. Ruwan da ke gangarowa fari ne kamar madara muddin kana cikin kiliya. Da zarar ya ɗauki launin motar, ka huda, aikin ya koma na mai fenti. A nisanci kaifin bodi da bakin ƙofa, fenti a nan ya fi siriri.

Game da inji: akwai mai juyi ɗaya, akwai kuma wanda yake juyawa yana karkarwa lokaci guda. Na biyun shi ya dace da wanda bai ƙware ba, domin ba ya tara zafi a wuri ɗaya. Abin da ba zan yarda a kusanto da shi jikin mota ba shi ne injin giranda da aka ɗaura wa soso. Ƙaramar giranda tana juyi sama da 10,000 a minti, injin folish kuwa galibi bai wuce 3,000 ba, kuma ba a ma kai shi can. Daƙiƙa biyu sun isa giranda ta ƙone kiliya.

Wanda sai an fesa

Idan fentin ya yamushe, ya yi ƙuraje, ko ya ɓare har ana ganin firaima ko ƙarfe, babu folish ɗin da zai dawo da shi, duk abin da mai tallan kwalba ya faɗa maka. Idan ƙarfe ya fito kuma damina ce, kada a ja lokaci, ko firaimar gwangwani a fesa a rufe shi kafin a samu kuɗin aiki.

A nan abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne abin da ake yi kafin fesawa, ba fesawar ba. Ka gaya wa mai fenti a fili cewa man birki ne ya ci wurin, don aikin ya bambanta da na ƙarzuwa. Dole a kankare duk fentin da man ya ratsa har a kai inda yake da ƙarfi, kuma yawanci ya fi abin da ido ke gani faɗi. A wanke da ruwa da sabulu kafin a sa sanfefa, a sake wankewa bayanta, sannan a bi da maganin cire maiƙo. Idan aka tsallake ruwan aka tafi kai tsaye ga tina, gilaikol ɗin na nan. Idan aka shafe wurin da fila aka fesa a kai don a yi sauri, ranar karɓar mota za ka ga aiki tas, bayan 'yan makonni sabon fentin ya kumbura daidai inda tsohon ya kumbura. Ka ce masa, "Maigida, kafin a sa firaima a kira ni in gani." Mai aiki na gari ba ya jin haushin wannan.

Sai batun launi. Kowace mota tana da lambar fentinta daga kamfani. A Toyota tana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. A Honda ma a bakin ƙofar take, irin su NH578 na fari ko NH731P na baƙi mai walƙiya. A Golf da sauran motocin Volkswagen takardar takan kasance a but, kusa da safeya taya, kuma lambar da L take farawa. Ka ɗauki hotonta ka kai wa mai haɗa fenti, ko a Ƙofar Ruwa kake saye ko a Panteka. Amma lambar mafari ce kawai, domin motar da ta yi shekara goma sha biyar tana shan rana ta koɗe daga launin da ta fito da shi. Manyan wuraren fenti na da na'urar da ake dafawa a jikin mota ta karanta launin yadda yake a yanzu ta fitar da haɗin. Inda babu ita, a fesa gwaji a kan ɗan ƙarfe, a bari ya bushe, a kara shi da motar a hasken rana, ba a ƙarƙashin rumfa ba. Launin azurfa da masu walƙiya su suka fi wuyar dacewa, shi ya sa gwanaye ke baza launin a hankali ya narke cikin tsohon, sannan su fesa kiliya a kan ɓangaren gaba ɗaya har bakinsa. Kiliyar da aka tsayar a tsakiyar ƙofa, iyakarta za ta fito daga baya.

Kiliya mai inganci ita ce wadda ake haɗawa da hadina. Akwai ta ma a gwangwanin feshi mai maɓalli a gindi, wanda idan ka fasa sai ka yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ya daskare. Tururinta yana da sinadarin da ke lalata huhu ya jawo asma, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a bar wa masu kayan aiki. Bayan an fesa kuma, a ba sabon fentin aƙalla wata guda kafin a sa masa wakis.

Idan zuba maka aka yi da gangan, wanda yana faruwa, ɗauki hoto ɗaya ko biyu cikin sauri ka hau wanki, kada ka tsaya jiran shaida fenti na ci. Inshorar naira 15,000 da aka koma biya tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta motarka ba. Kyamarar mota mai ci gaba da ɗauka bayan an kashe inji ita ke amfani a irin wannan rana.

Daga ina man ya fito?

A aikinmu na manhaja, idan ka ga saƙon kuskure a allo ba share saƙon ake yi ba, nemo abin da ya jawo shi ake yi. Fentin da ya saɓule a mota ma sau da yawa saƙo ne. Buɗe bonet ka duba baƙin gangan nan mai kama da faranti da masta ke ɗaure a jikinsa, wato busta. Idan fentinsa ya ɓare daga ƙarƙashin masta ya gangara ƙasa, robar bayan masta ce ke yoyo. Idan fentin cikin wili ɗaya ne ya tashi, ko tayar na da danshi ta ciki, kalifa ko bututun wannan ƙafar ne. A mota mai giyar hannu, danshi a saman fedar kuloci ma man birki ne, domin yawancinsu shi suke sha. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, bakanike ne farko, mai fenti daga baya. Motar da ke zubar da man birki wata rana za ka taka feda ta tafi har ƙasa.

Akwai kuma zubar da ke faruwa ba tare da komai ya lalace ba, kuma ita ta fi yawa. Yayin da fad ɗin birki ke cinyewa, man da ke tukunya yana sauka a hankali, domin yana cike gurbin da fad ɗin ya bari. Sai a gani a ce ya yi ƙasa, a ƙara har baki. Ranar da aka zo sa sabon fad, bakanike ya tura fistin ɗin kalifa baya, man da ya sauka ya dawo sama, ya tarar da wanda aka ƙara, sai ya yi ambaliya ta murfi ya bi jikin madigadi ta ciki, kowa na can ƙasa wurin taya ba wanda ya gani. Maganinsa sirinji ne na kemis: a zuƙe kaɗan daga tukunyar kafin a tura fistin, a kewaye ta da jiƙaƙƙen tsumma, a shimfiɗa wani a kan madigadi. Lokacin fitar da iska daga birki kuma, a sa siririn tiyo a bakin noti ya zuba cikin roba, maimakon a bar shi yana tsartuwa a kan wili.

Tun da an buɗe tukunyar, a gwada man kansa. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da biro, da ƙafafu biyu na ƙarfe a baki da jerin fitilu a jiki. Ana tsoma ta a man ta kimanta yawan ruwan da ya sha, ta hanyar auna yadda lantarki ke ratsa shi. Ba ta kai na'urar da ke tafasa man a auna daidaito ba, kuma sai an dace da irin DOT ɗin da aka yi ta dominsa, amma tana ba da haske. Idan ta nuna kashi 3 cikin 100 ko fiye, lokacin canji ya yi. DOT 4 da ke jure digiri 230 yana sabo, idan ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100 abin da ƙa'ida ta lamunce masa digiri 155 ne kawai, kuma kamfanonin mota da yawa na cewa a canza shi duk shekara biyu ko uku. Bayan ka ciro biron daga tukunyar, bakinsa na ɗiga, don haka ka tare shi da tishu tun kafin ya ƙetare kan madigadi.